Wata nawa ne cikin? Lacca kan ɓarin shanu

An rubuto wannan daga faifan laccar da wani likitan dabbobi ya yi wa makiyaya da 'yan kara a Ngaundare ta ƙasar Kamaru.

Assalamu alaikum. Iyayena ardo-ardo, Alhazan kara, yayye da ƙanne, sannunku da zaman jira. Na ga rana ta take, ba zan ja ku da nisa ba.

Duk rugar da na shiga aka ce saniya ta yi ɓari, kafin in zauna an riga an yanke hukunci, wai cutar bakkale ce. To, bakkale tana nan, ban musa ba. Ta fi zubar da ciki daga wata shida zuwa sama, mabiyiya ta maƙale, wani sa'in gwiwa ta kumbura, kuma tana kama mutum ta ɗanyen nono. Sai dai akwai wasu 'yan halittu da ido ba ya gani, masu zama cikin jinin dabba ko mahaifarta, su ma suna wannan ɓarnar ana ɗora wa bakkale laifinsu. Shi ya sa tambayata ta farko kullum ita ce: wata nawa ne cikin? Saniya kan yi kwana 280 ko ɗan fiye kafin ta haihu, kuma inda cikin ya tsaya yakan nuna mana inda za mu fara dubawa.

In bijimi ya hau ta, ka ɗauka ta samu, bayan wata biyu ko uku ka ga tana neman barbara kuma, to ka dubi bijimin. Akwai cutar da ake kira tirikomonas, tana zama cikin fatar gabansa. Shi ƙalau yake, yana ci yana ƙiba, yana rabawa garke. Saniya in ta huta 'yan watanni takan warke da kanta, amma tsohon bijimi ya ɗauka ke nan har ya mutu. Maganinsa mahauci. Masu aron bijimi, kun dai ji.

Wadda na fi son ku riƙe ita ce niyosfora. Ba a ma raɗa mata suna ba sai 1988, sai kuma 1998 aka tabbatar ta cikin kashin kare take fita. Ta fi zubar da ciki tsakanin wata biyar da bakwai, saniyar kuwa ba zazzaɓi, ba rama, tana kiwonta. Ga yadda take zagayawa: saniya ta yi ɓari, ka ja ɗan tayin da mabiyiyar ka jefa bayan ruga, kare ya cinye. Bayan 'yan kwanaki ya yi kashi kusa da dusar angurya ko bakin mashaya, shanu su ci. Wato da hannunka ka ba shi, shi kuma ya mayar maka.

Abin da ya fi ba ni tsoro, saniyar da ta kamu ba kullum take ɓari ba. Sau da yawa takan haifi maraƙa kyakkyawa, lafiya lau a ido, alhali tun a ciki ta ɗauka. Ka rene ta ta zama karsana, cikinta na fari ya zube. Ku tuna garkenku, babu wata zuriya da kuke cewa ba ta riƙe ciki, uwa ta yi, 'ya ta yi? Na ga Baffa yana gyaɗa kai. Har yau babu allurar da ke fitar da ita daga jikin saniya, don haka 'ya'yan irin wannan saniya kara ta dace da su, kada a bar su iri.

Kada kuma wani ya koma gida ya kashe karensa ya ce ni na sa shi. Kare ɗan lokaci yake yi yana zubar da ƙwayar bayan ya ci, in ka kawo sabon kwikwiyo ya ci mabiyiya, an koma farko. Rami mai zurfi za ka haƙa ka binne ɗan tayin da mabiyiyar, ko ka ƙone su, ka kuma rufe abincin shanu.

Sammore kuwa, cutar da tsando ke kawowa, kun fi ni saninta. Dattawa sun ga yadda tsando ya mamaye makiyayar Adamawa ta nan Kamaru, har aka fara feshi da jirgin sama a 1976. Saniya mai sammore zazzaɓi da ƙarancin jini ne ke sa ta kasa riƙe ciki, haka ma mai fitsarin jini da kaska ke kawowa. Waɗannan kan nuna a jiki.

Na'am, Alhaji, tambayarka? Wai in ta yi ɓari a yi mata allurar Berenil? In sammore ce ko fitsarin jini, zai yi aiki. In niyosfora ce, ka zubar da sefarka a banza. Abin yi, ka sa leda a hannu, ka ɗauki ɗan tayin da guntun mabiyiya ka ƙulle, in da ƙanƙara ka sa, ka kai wa likitan dabbobi mafi kusa a ranar. Shi zai ɗebi jinin uwar, ya san ko za a aika ɗakin gwaji na LANAVET da ke Bokle kusa da Garwa. Sauran kuma a binne kafin karen ya dawo daga kiwo.