Lacca a Maradi: Me ya sa akwatin imel ke cijewa a gigabait 2?

Assalamu alaikum. Malamai da 'yan uwa ɗalibai, sannunku da zuwa.

Ku rubuta wannan lambar: 2,147,483,647. Nan ne ƙarshen abin da bit 32 (bit shi ne gurbin sifili ko ɗaya a kwamfuta) ke iya ƙirgawa idan an ware bit guda don alamar ragi. To, manhajar imel mai ajiya a tsarin mbox tana zuba dukkan wasiƙun akwati cikin fayil ɗaya, tana kuma riƙe gurbin kowace wasiƙa, wato bait nawa ne tsakaninta da farkon fayil. Ranar da fayil ya haura gigabait 2, wato yawan bait ɗinsa ya wuce waccan lambar, sai lambar gurbin ta juye, kamar mitar babur ɗin ɗan kabu-kabu da ta cika. Amma ita ba sifili take komawa ba, ƙasa da sifili take faɗawa. Wani lokaci fayil ya ƙi buɗuwa, a ga kuskuren EOVERFLOW. Wannan da sauƙi. Mafi muni shi ne manhaja ta yi rubutu a gurbin da ba nata ba, ta take wasiƙun mutane.

Tun 1996 kamfanonin Unix suka daidaita a kan maganin. A Linux mai bit 32, ana saka _FILE_OFFSET_BITS=64 kafin kowane fayil na kai (header, a harshen C), sai off_t, nau'in lambar da ke riƙe gurbi a fayil, ya koma bit 64. Ku saka shi a umarnin harhaɗa manhaja gaba ɗaya, kar ku bi fayil-fayil; idan da Autoconf, mai shirya umarnin harhaɗawa, kuke aiki, AC_SYS_LARGEFILE zai yi muku. A macOS da FreeBSD dama can off_t bit 64 ne.

Amma nan aikin ya fara. fseek da ftell, masu zuwa gurbi da faɗin gurbi a fayil, da nau'in long suke aiki, wanda bit 32 ne a irin wannan tsarin, don haka dole a maye su da fseeko da ftello. Sannan a bi rubutun layi-layi, duk inda aka zuba gurbi ko girman fayil cikin int ko long, a mayar da shi off_t. Har wurin bugawa: %ld ba ya dacewa, a juya lambar zuwa intmax_t a buga da %jd. Aiki ne mai cin rai, amma ba shi da gajeriyar hanya.

Windows kuwa tana da nata halin. Ko a kwamfuta mai bit 64, long ɗinta bit 32 ne. Can _fseeki64 da _ftelli64 ake kira. Shawarata, ku ƙirƙiri nau'inku guda na gurbi a wuri ɗaya, kowane tsari a ɗaura shi da abin da ya dace da shi.

Wani ɗalibi ya tambaya: «Malam, in an gyara duk wannan, shi ke nan?»

A'a, ɗana. Idan laburare (library, wato shiryayyen rubutun manhaja) da manhajarka ke kira an harhaɗa shi da off_t na bit 32, kai kuma naka 64, kuna miƙa wa juna lamba da mudu biyu daban, kuma babu wanda zai yi ƙara. Haka tsohon fayil na fihirisa da ya ajiye gurbi a bait 4: a sa masa lambar siga, a sake gina shi. Kuma filas ɗin USB mai tsarin ajiya na FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4, komai kyawun manhajarka. Ku tuna base64, hanyar da imel ke mayar da fayil zuwa haruffa, na mayar da kowane bait 3 zuwa 4, shi ya sa bidiyo ke kumbura da sulusi a cikin wasiƙa, akwati ya cika da wuri. Tsarin Maildir, inda kowace wasiƙa ke da fayil nata, yana rage wannan ciwon kai sosai.

Gwaji ba ya buƙatar babban faifai. Umarnin truncate -s 5G yana ƙirƙirar fayil mai gigabait 5 da kusan bai cin wuri. Ku liƙa wasiƙa ɗaya a ƙarshensa, ku ga ko manhaja za ta karanto ta daidai. Ku maimaita dab da gigabait 2, sannan dab da 4, a kowane tsarin da kuke son manhajar ta yi aiki a kansa.