Abin Da Ya Sa Wainar Kayan Lambu Ta Koriya Ke Caɓe Miki

Assalamu alaikum. Saƙonku ya iso, kuma kusan kuka ɗaya ne: "Na gwada wainar 'yan Koriyar nan, amma tawa ta fito laɓo-laɓo kamar an jiƙa tsumma." To uwargida, matso kusa.

Sunanta yachaejeon. Yachae kayan lambu ke nan a yarensu, jeon kuma duk abin da aka tsoma a kwaɓi aka soya a kasko. Wadda ake yi da lawashi zalla ita ce pajeon, kuma a Koriya an fi marmarinta ranar da ake ruwan sama, wai ƙarar suyar tana kama da ta yayyafi.

Yanka ba ya buƙatar dogon bayani. Karas, kabeji, lawashi, albasa, ɗan dankalin Hausa, duk siri-siri kamar tsinken ashana. Attarugu ɗaya, don mu ba ma wasa da yaji.

Ga inda ake faɗuwa: kwaɓi.

Hannunmu ya saba da ƙosai. Tun muna yara aka koya mana cewa ƙullu sai an buga shi, a buga har kafaɗa ta yi tsami, iska ta shiga ya tashi. Wake ne ke son haka. Ita fulawa, da ta haɗu da ruwa kika hau juya ta, wani sinadari da ake kira gulutin sai ya fara ɗaure kansa, shi ne danƙon nan da ke sa burodi da fanke su yi ja. A burodi alheri ne. A nan shi ne ya mayar miki da waina roba.

Don haka kofi ɗaya na fulawa, cokali uku na garin shinkafa ko konfulawa, su ba su da wannan danƙon, gishiri kaɗan. Ruwan kuma mai ƙanƙara, bai cika kofi ɗaya ba. Sanyi yana rage wa gulutin hanzari. In babu wuta firij ya huce, aika yaro ya sayo ƙanƙara, ni ma haka na yi yau.

Ki juya sau goma ko ƙasa da haka, ki ajiye cokalin. Eh, na ga gudajin. Ki bar su. Na san zuciyarki tana ce miki a ƙara ɗan juyi ɗaya, kada ki saurare ta.

Sannan ki lura da awon da kyau. Kayan lambu kofi uku ne a kan fulawa kofi ɗaya. A wainar fulawarmu albasa da attarugu ne ke iyo a cikin ruwan kwaɓi. A nan kwaɓin aikinsa kawai ya riƙe kayan kada su watse. Idan kika ɗaga cokali yana tsiyaya, ya yi yawa. Kuma da kin haɗa, sai kasko nan take, domin gishiri yana janyo ruwan kabeji, minti goma kawai sai ki tarar da tafki a gindin kwano.

Man gyaɗa cokali uku, ya yi zafi sosai. Baza ta da faɗi, ki danna da bayan cokali. Minti huɗu, kada ki taɓa. Juya, ƙara mai ta gefe, minti uku.

Su 'yan Koriya suna dangwalawa da soya sos (ruwan waken soya mai gishiri), ruwan khal da riɗi. Na gwada, ba laifi, amma ni yajin ƙuli ya fi kwanta mini.

Yanzu bari in yi shiru ki ji ƙarar da wuƙa za ta yi in kin yanka wainar.