Yadda Za Ka Kulle Kekenka Ya Gagari Ɓarawo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku dubi wannan inuwar darbejiyar da ke bakin kasuwa. Ranar Juma'a a Wudil ko Alhamis a Maigatari, haka za ka ga kekuna jere, masu su sun shige ciniki. Wannan Phoenix ɗin, mai shi ya danna makullin tayar baya, ya jefa ɗan makullin a aljihu, hankalinsa ya kwanta. To amma wannan makulli taya kawai yake hanawa juyawa. Mutum biyu a kan babur, ɗaya ya sauko ya ɗaga keken, shi ke nan. Abin yana ci mini rai, domin a ƙauye keke shi ne zuwa gona, shi ne ɗebo ruwa, shi ne kai mara lafiya asibiti.

Ɓarawon keke lokaci yake nema, kuma ba ya son ido. Aikinka shi ne ka sa satar ta yi masa tsawo da ƙara.

Yadda kake ɗaure rago a turke, haka za ka yi wa keke. Sami sarƙa mai kauri, ka zura ta cikin jikin keken, wato ƙarfen tsakiya, ta haɗa da tayar baya, sannan ta zagaya abin da ba ya motsi. Kada ka ɗaure tayar gaba ita kaɗai, da sifana za a kwance noti biyu a bar maka taya. Kafin ka ɗaure, girgiza turken. Dirkar rumfa ta itace ana tuge ta, guntun ƙarfe kuma ta samansa ake zare sarƙar.

Yanzu dubi inda kwaɗon yake. Ya kwanta a ƙasa, ko? Kuskure ne. Ƙasa ta zama uwar maƙera, ɓarawo ya samu inda zai doka guduma. Ɗaga shi sama, ka matse sarƙar kada a samu gurbin cusa ƙarfe a banƙare. Ita kuwa siririyar wayar nan mai rufin roba, ba na ba kowa shawarar ya dogara da ita, almakashin ƙarfe yana datse ta nan take. In ka samu makulli mai siffar kofaton doki na ƙarfe mai tauri, ya fi ta nesa ba kusa ba. Sarƙar kuma, zura ta cikin tsohon tib, ba za ta kankare fenti ba.

Da dare a shigar da keke cikin gida. In dole sai zaure, mai walda ya yi maka zoben ƙarfe a dasa shi da siminti.

Sai maganar na'urar bin sawu, wadda matasa ke yawan tambaya. Iri biyu ce. Akwai ƙarama kamar kwabo, irin AirTag da kamfanin Apple ya fitar a 2021. Batirinta na kai kusan shekara, amma ba ta da layi. Sai wata iPhone ta gifta kusa da ita sannan a aiko maka inda take. A ƙauyen da Tecno da Itel suka fi yawa, za ta iya kwana da wuni ba ka ji ɗuriyarta ba. Haka ta Samsung, wayoyin Galaxy take jira.

Ɗayar ita ce mai GPS da ake saka wa layin waya. Ita tana nuna maka wuri a taswira, amma tana son sabis, tana son data, tana son caji. Babur yana da batirin da zai ciyar da ita, keke ba shi da shi, kai ne za ka riƙa ciro ta kana kaiwa wurin mai caji. Kuma ba ta hana sata, bayan an ɗauka take amfani. Don haka in kuɗin abu ɗaya gare ka, sayi sarƙa da kwaɗo nagari. In ka saka na'urar, ɓoye ta ƙarƙashin sirdi ko cikin fitila, kada ka tura ta cikin bututun ƙarfe, ƙarfe na toshe sigina.

Kifa kekenka yau ka duba ƙarƙashin inda feda ke juyawa, ko ƙarfen da ke riƙe sirdi. Akwai lamba da aka buga a jiki. Rubuta ta, ɗauki hotonta, ka ajiye tare da rasit. Ranar da aka tsinci keken a hannun dillali an sake masa fenti, wannan lambar ce shaidarka gaban sarkin kasuwa.

In na'ura ta nuna maka gidan da yake, don Allah kada ka tafi kai kaɗai, kada kuma ka tara jama'a a ɗauki doka a hannu. Taswira na iya kaucewa ta nuna gidan maƙwabci. Sanar da mai unguwa ko dagaci, ku je wurin 'yan sanda da rasit da hoton lambar a hannunka.