Dabbar Tekun da Ake Cewa Ba Ta Mutuwa

Assalamu alaikum, masu kallo. A 'yan kwanakin nan wani bidiyo yana ta yawo a wayoyin mutanen Kano, daga zaurukan WhatsApp har rumfunan Kantin Kwari, wai an gano wata dabbar teku da ba ta mutuwa. Dabbar tana nan, jinsin jelifish ce mai suna Turritopsis dohrnii, kuma faɗinta bai kai rabin santimita ba, amma maganar rashin mutuwar tana buƙatar gyara.

Wadda ake gani tana lilo a ruwa da lemarta da zaruruwanta masu harbi, ita ce balagaggiya. Kusan kashi 95 cikin 100 na jikinta ruwa ne, ba ta da ƙashi, ba ta da zuciya, ba ta da ƙwaƙwalwa. Ƙwanta yana zama 'yar ƙaramar tsutsa da ke iyo har ta sami dutse ta manne.

To, a nan ne aka fi ruɗewa, don haka ku lura da kyau. Abin da ya tsiro a kan dutsen ba ciyawa ba ne, dabbar ce da kanta a siffarta ta biyu, wadda masana ke kira folif: jikinta a kafe yake, bakinta yana kallon sama, zaruruwa sun kewaye shi suna kama abinci. 'Yan'uwanta irin su murjani a wannan siffa suke ƙare rayuwarsu, kuma ƙashinsu ne jan murjanin da iyayenmu mata ke ado da shi. A manyan jelifish, folif ɗin yakan rarrabu hawa-hawa kamar jeren kwanuka a ɗakin amarya, sai na sama ya ɓalle ya kama iyo, na ƙasansa ya biyo baya. A Turritopsis kuwa, 'ya'yan suna tohowa ne a gefen jikinsa. Ko ta wace hanya, ƙwai ɗaya yana iya ba da jelifish masu yawa.

Abin da wannan 'yar ƙarama ta fi sauran shi ne, idan ta ji rauni, ko yunwa ta takura ta, ko tsufa ya zo, sai ta tsuke lemarta, ta faɗa ƙasan teku ta dunƙule, ƙwayoyin jikinta su sauya aiki, cikin 'yan kwanaki ta koma folif. Stefano Piraino da abokan aikinsa a Italiya ne suka wallafa cikakken bayanin haka a 1996.

A ganina, kuskuren mai bidiyon shi ne ya nuna kamar tsohuwar ce ke dawowa yarinya. Wadda ta nutse guda ɗaya ce, waɗanda za su toho daga baya kuwa suna da yawa, ƙwayoyin gadonsu ne kawai iri ɗaya da nata. Kifi kuma ba ya jiran ta gama wannan dabara kafin ya haɗiye ta, cuta ma tana kashe ta. Galibin juyin da aka shaida a ɗakin gwaji aka gan shi, inda wani masani mai suna Shin Kubota na Jami'ar Kyoto a Japan ya shafe shekaru yana ciyar da su yana sauya musu ruwa don kada su mutu.