Jam'iyyar Democrat da Mutanen Karkarar Amurka

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau zai kai mu Amurka, can cikin karkara, inda gonakin alkama da masara suke shimfiɗe iya ganin mutum, inda za ka yi tafiyar sa'a guda a mota ba ka ga asibiti ba.

A jihar Montana akwai wani ɗan gari da ake kira Big Sandy, mutanensa ba su kai dubu ɗaya ba. A nan wani manomi mai suna Jon Tester yake noma gonar da kakansa ya sara fiye da shekara ɗari da suka wuce. Yana ɗan shekara tara injin niƙa nama ya cire masa yatsu uku a hannun hagu. Ya koyar da kiɗa a makarantar garin kafin ya shiga siyasa, kuma sau uku mutanen Montana suna tura shi Majalisar Dattawa a ƙarƙashin jam'iyyar Democrat: 2006, 2012 da 2018. Yana sanata, amma idan lokacin shuka ko girbi ya zo sai ka same shi a kan tarakta. Naman da zai ci a Washington ma daga gida yake ɗauro shi a jaka. Duk wanda ya gan shi ya san ɗan ƙauye ne, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. A zaɓen 2024 ya sha kaye a hannun Tim Sheehy na jam'iyyar Republican da tazarar kusan kashi bakwai cikin ɗari, a jihar da Donald Trump ya lashe da tazarar kusan kashi ashirin.

To idan mutum irin Tester bai tsira ba, wa zai tsira? Wannan ita ce tambayar da ta hana shugabannin Democrat barci, kuma a kanta jam'iyyar ta dare gida biyu.

Kafin mu shiga gardamar, ya kamata a san abin da ya sa ƙuri'ar ƙauye take da nauyi haka a Amurka. Tsarin mulkin ƙasar ya ba kowace jiha sanata biyu, babba ko ƙarama. Jihar Wyoming, wadda mutanenta ba su kai dubu ɗari shida ba, tana da kujeru biyu, daidai da Kalifoniya mai mutum kusan miliyan 39. Saboda haka ko jam'iyya ta cika manyan birane maƙil da magoya baya, muddin ta rasa jihohin karkara to ta rasa Majalisar Dattawa, kuma ita ce majalisar da ke tabbatar da alƙalan Kotun Ƙoli da ministoci.

Abin takaicin ga 'yan Democrat shi ne, a da karkarar tasu ce. A tsakiyar shekarun 1930, gona ɗaya cikin goma ce kawai take da wutar lantarki a Amurka. Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa hukumar kai wuta karkara a 1935, manoma suka haɗu cikin ƙungiyoyin gama kai suka ja waya zuwa gidajensu. Wanda ya ga ranar da kwan fitila ya fara haske a ɗakin uwarsa bai manta jam'iyyar da ta kawo ba, ya kuma gadar wa 'ya'yansa wannan biyayya. Jihar West Virginia ta masu haƙar kwal ta zaɓi Bill Clinton har sau biyu, a 1992 da 1996. Yau babu ko gunduma ɗaya cikin gundumominta 55 da Trump bai ci ba. Barack Obama ya ci jihar Iowa sau biyu. A can akwai gundumar Howard, wadda ta ba Obama rinjayen sama da kashi ashirin a 2012, bayan shekara huɗu kacal ta juya ta ba Trump rinjayen sama da kashi ashirin. Mutanen dai su ne, ba wasu baƙi aka kawo ba.

Ɓangare na farko a gardamar su ne 'yan tsaka-tsaki. Su a ganinsu jam'iyyar ta biye wa 'yan bokon birni da 'yan gwagwarmayar jami'o'i, ta ɗauko maganganun da ke tsorata mutumin ƙauye: batun bindiga, batun shige da fice, batun rufe ma'adinan kwal saboda sauyin yanayi, da kiran da wasu suka yi a 2020 na a janye wa 'yan sanda kuɗi. Kwana biyu bayan zaɓen 2020 ɗin, 'yar majalisa Abigail Spanberger ta jihar Virginia, wadda ta sha da ƙyar, ta faɗa wa takwarorinta a wani taron waya cewa kada wanda ya sake furta kalmar gurguzu, domin ita ce ke kayar da su. Hujjarsu mai sauƙi ce. Sanata Joe Manchin ya riƙe kujerar West Virginia shekara goma sha huɗu ne saboda yana saɓa wa jam'iyyarsa a bainar jama'a. Da ya ajiye, kujerar ta tafi Republican ba tare da wata fafatawa ba.

Ɗaya ɓangaren su ne 'yan neman sauyi, su Sanata Bernie Sanders da 'yar majalisar wakilai Alexandria Ocasio-Cortez. Su kuma cewa suke yi tsaka-tsakin ne ma ya kashe jam'iyyar. Wa ya tura NAFTA, yarjejeniyar ciniki tsakanin Amurka da Kanada da Mexico, ta fara aiki a 1994? Bill Clinton ne, jagoran 'yan tsaka-tsaki. Bayanta, da kuma bayan shigar Sin ƙungiyar ciniki ta duniya a 2001, masana'antun ƙananan garuruwa suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wa ya hana babban shirin Joe Biden na tallafa wa iyalai wucewa a Disambar 2021? Manchin ne. Washegarin faɗuwar Kamala Harris a 2024 Sanders ya ce babu abin mamaki idan jam'iyyar da ta yi watsi da ma'aikata ta wayi gari ma'aikata sun yi watsi da ita. Kuma yana da abin nunawa: a zaɓen fid da gwani na 2016 ya kayar da Hillary Clinton a duk gundumomi 55 na West Virginia ɗin nan da ake cewa ba ta son masu zafin ra'ayi.

Wanda ya tuna rikicin 'yan santsi da 'yan taɓo a jam'iyyar PRP a farkon shekarun 1980 ya san irin wannan gardamar, inda kowane ɓangare ke rantsuwa shi ne na talaka na gaskiya.

A batun aljihu, ni a ganina 'yan neman sauyi sun fi kusa da gaskiya, kuma masu jefa ƙuri'a da kansu ne suka nuna. Sau da yawa idan aka cire sunan jam'iyya aka ajiye wa mutane tambaya tsirararta a ƙuri'ar raba gardama, jihohin Republican suna amincewa da abin da Democrat ke kira a kai. Idaho da Nebraska da Utah sun amince da faɗaɗa inshorar lafiyar marasa ƙarfi ta Medicaid a 2018. Missouri da Oklahoma suka bi a 2020, South Dakota a 2022. A ranar da mutanen Missouri suka zaɓi Trump a 2024, a ranar suka amince a ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa dala 15 a sa'a. Hannu ɗaya ne ya dangwala duka biyun. Wato mutane suna son kayan, mai tallan ne ba su yarda da shi ba.

To me ya jawo rashin yardar? Raini, da kuma rashin zuwa. A nan ne nake ganin ɓangarorin biyu suna kauce wa laifin da ya shafe su duka.

A 2008 Obama, yana magana da masu ba da gudummawa a San Francisco, ya ce mutanen ƙananan garuruwa ɓacin rai ne ke sa su rungumi bindiga da addini. A 2016 Hillary Clinton ta ce za su raba masu haƙar kwal da kamfanoninsu da aiki. Ta ci gaba da bayanin yadda za a taimaka musu, amma wa ya tsaya jin sauran? A 2016 ɗin ce kuma Sanata Chuck Schumer ya faɗi lissafin a fili: duk ma'aikaci ɗaya da suka rasa a yammacin Pennsylvania, za su samu 'yan Republican biyu masu sassauci a unguwannin gefen Philadelphia. Ku duba, waɗannan ukun babu ɗan zafin ra'ayi a cikinsu. Manyan jam'iyya ne. Magana zarar bunu ce, kuma mutumin da aka gaya masa a fuska cewa an yi lissafi ba da shi ba, ba zai manta ba don an dawo bayan shekara huɗu da takardar manufofi.

Sai rashin zuwa. Lokacin da Howard Dean ya shugabanci jam'iyyar daga 2005, ya dage a zuba kuɗi da ma'aikata a duk jihohi hamsin, har waɗanda ake ganin ba za a ci ba. Bayan tafiyarsa aka koma tara ƙarfi a 'yan jihohin da ake fafatawa. Yau akwai gundumomi da yawa da Democrat ba ta tsayar da kowa a kujerun ƙananan hukumomi, ba ofis, ba mai magana da yawunta. Jaridun ƙananan garuruwa suna mutuwa. Abin da manomi zai ji game da jam'iyyar a rediyon motarsa, daga bakin abokan hamayyarta zai ji shi. Gwamnatin Biden ta ware dala biliyan 65 don intanet mai sauri a dokar gine-ginen 2021, kaso mai tsoka domin karkara, amma har ta sauka babban shirin bai kai waya gidajen mutane ba. Roosevelt fitila ya kunna, kowa ya gani da idonsa.

Waɗanda suke ɗan taɓuka abin kirki a karkara yanzu, da wuya ka sa su a layi ɗaya na wannan gardamar. Marie Gluesenkamp Perez ita da mijinta garejin gyaran mota suke da shi. Ta ci kujerar majalisar wakilai a kudu maso yammacin jihar Washington a 2022, ta sake ci a 2024 a mazaɓar da Trump ya lashe. 'Yar tsaka-tsaki ake kiranta, amma maganar da ta fi yi ita ce haƙƙin mutum ya gyara abin da ya saya da kuɗinsa. Manomin da tarakta ta tsaya masa ana tsakiyar girbi, kamfani ya kulle kwamfutar cikinta sai dillalinsa kaɗai zai buɗe, hadari kuma na haɗuwa, ya san abin da take nufi ba sai an fassara masa ba. A Nebraska, Dan Osborn, bakaniken masana'anta da ya jagoranci yajin aikin kamfanin Kellogg's a Omaha a 2021, ya tsaya takarar sanata a 2024 ba jam'iyya, har ya ƙi karɓar goyon bayan Democrat. Maganarsa kan attajirai da manyan kamfanoni kusan ta Sanders ce. Ya faɗi da tazarar kusan kashi bakwai, a jihar da Harris ta faɗi da kusan ashirin. A Kentucky kuma Gwamna Andy Beshear na Democrat ya sake cin zaɓe a 2023 ba tare da ya yar da aƙidun jam'iyyarsa ba. Mutane sun tuna wanda ya zo musu lokacin da guguwa ta rushe garin Mayfield a Disambar 2021, da lokacin ambaliyar gabashin jihar a 2022.

Zaɓen Nuwambar 2025 bai raba gardamar ba. Spanberger ta ci gwamnan Virginia, Zohran Mamdani mai kiran kansa ɗan gurguzu ya ci magajin garin New York, kowane ɓangare ya ɗaga nasa ya ce kun gani ko. Amma birnin New York ba shi da gonar alkama, Virginia kuma unguwannin da ke gefen Washington ne ke ɗaukar nauyin ƙuri'unta.

Lissafin da ke gabansu kuwa ga shi. Zaɓen 2024 ya bar Republican da kujeru 53 a Majalisar Dattawa, Democrat da ƙawayenta 47. Tester ya tafi, Sherrod Brown na Ohio ya tafi, Manchin ya tafi, kamar yadda Heidi Heitkamp ta North Dakota da Claire McCaskill ta Missouri suka tafi tun 2018. Kafin 'yan Democrat su karɓe majalisar alhali fadar White House tana hannun Republican, sai sun ƙara kujeru huɗu, domin idan aka yi kunnen doki mataimakin shugaban ƙasa ne ke raba gardama. Ko sun ci Maine da North Carolina, sauran biyun sai dai su nemo su a irin su Ohio, Iowa, Texas da Alaska, jihohin da Trump ya lashe da tazarar sama da kashi goma.

A nan za mu dakata. Mu kasance lafiya.