Helios-44: Tsohon Idon Kyamarar Sobiyet da Masu Hoto Suka Koma Nema

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. Ku dubi hoton nan da kyau. Fuskar mutumin ta fito tar, har gashin girarsa ana iya ƙirgawa. Yanzu ku kalli bayansa. Ganyayen bishiyar sun narke, hasken da ke ratsowa ta tsakaninsu ya koma ɗige-ɗige masu tsawo, duk suna kewaya kansa kamar guguwa. Ba kwamfuta ce ta yi wannan ba, ba kuma manhajar waya ba. Aikin wannan dunƙulen ƙarfe da gilashin ne da kuke gani a kan tebur, idon kyamara mai suna Helios-44, ƙirar Tarayyar Sobiyet, wanda ya girmi da yawa daga cikin masu kallonmu.

Asalinsa dai ba na Rasha ba ne. A birnin Jena na ƙasar Jamus, kamfanin Carl Zeiss yana da wani gwanin lissafin gilashi, Willy Merté, wanda ya tsara wani ido da aka sa wa suna Biotar. A cikin shekarun 1930 aka fitar da samfurinsa mai tsawon hange milimita 58 (ma'aunin yadda ido ke janyo abu kusa), mai buɗewa har f/2 (ma'aunin faɗin ƙofar haske, inda ƙaramar lamba ke nufin buɗewa sosai), domin kyamarar Kine Exakta. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, sojojin Amurka ne suka fara shiga Jena, suka kwashi manyan masanan kamfanin zuwa yammacin Jamus. Daga baya garin ya koma hannun Sobiyet, su kuma suka kwance injuna suka loda a jiragen ƙasa a matsayin diyyar yaƙi. A 1958 masana'antar KMZ da ke Krasnogorsk, kusa da Mosko, ta fara ƙera Helios-44 bisa tsarin Biotar: gilasai shida a rukuni huɗu, milimita 58, f/2.

Sun ƙera shi ba ƙaƙƙautawa har cikin shekarun 1990, a Krasnogorsk, a Valdai, da kuma Minsk. Shi ne idon da ke zuwa a jikin kyamarar Zenit, kyamarar talaka a ƙasashen gurguzu. Miliyoyi aka yi. Shi ya sa har yau bai yi tsada ba idan aka kwatanta shi da kakansa na Jamus, duk da cewa farashinsa ya ɗaga tun da masu bidiyo suka gano shi.

To, me ke jawo wannan juyawar ta baya? Gaskiyar magana, aibi ne. Idan aka buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, hasken da ya shigo ta tsakiya yana wucewa salin-alin, sai ya faɗa a kan hoto a matsayin da'ira cikakkiya. Amma wanda ya shigo ta gefe, a karkace, bakin bututun yana tare wani sashensa, sai da'irar ta matse ta zama doguwa mai tsini biyu. Ga ta nan, mun ƙara girman kusurwar hoton ku gani. Duk waɗannan matsattsun da'irori suna kwanciya ne a kewayen tsakiyar hoto, sai idon mai kallo ya ga kamar komai na juyawa. Injiniyoyin zamani sun kashe shekaru da kuɗi suna gyara irin wannan matsalar, har idanun yanzu suka zama tsaf daga tsakiya zuwa gefe, kusan duk kamanninsu ɗaya. A ganina wannan tsaftar ce ta ishi wasu masu hoto. Har manyan masu fim sun shigo ciki: wani kamfani a Yukren mai suna IronGlass yana cire gilasan tsofaffin idanun Sobiyet ya sa su a sabon jiki irin na sinima, kuma an yi aiki da irinsu wajen ɗaukar fim ɗin Dune: Part Two da ya fito a 2024.

Tambayar da za ku yi ita ce, ta yaya abin da aka yi wa kyamarar fim zai hau kyamarar yau? Nan ne lissafin yake, kuma ba shi da wuya. Kowane ido an tsara shi ne ya zauna a wata tazara daga fim. Yawancin Helios ana murɗa su ne a jikin kyamara ta wani baki da ake kira M42, wanda ya fito a Jamus ta Gabas a 1949, tazararsa kuwa milimita 45.46 ce. Tsofaffin kyamarori suna buƙatar wannan filin saboda akwai madubi a ciki da ke ɗagawa duk lokacin da aka danna. Kyamarori marasa madubi, da suka fara fitowa a 2008, ba su da wannan larurar. A bakin kyamarar Sony E tazarar milimita 18 ce kacal, a Fujifilm X 17.7, a Canon RF 20, a Nikon Z 16. Ke nan idan Sony kake riƙe da ita, abin da ya rage maka shi ne cike gibin milimita 27 da 'yan kai. Adafta ke nan: bututun ƙarfe fanko, babu gilashi, babu wayar lantarki, ɗaya bakin M42, ɗayan na kyamararka.

Masu tsohuwar Nikon mai madubi, ku yi haƙuri, naku lissafin ya juya baya. Tazarar Nikon F milimita 46.5 ce, ta fi ta M42 tsawo, don haka idon ba zai iya matsowa inda ya kamata ba. Na kusa zai fito, na nesa ba zai taɓa fitowa tar ba, sai da adafta mai ƙarin gilashi a ciki, ita kuma tana rage kyan hoton. Masu Canon EF, mai milimita 44, su sun tsira da siririyar adafta.

Bari mu ɗaura Helios ɗin mu gani. Wannan samfurin 44-2 ne, wanda aka fi nema. Babu saitin kai-da-kai, komai da hannu ne, kuma kyamarar ma ba ta san an ɗaura mata wani abu ba. Sai ka shiga cikin saitinta ka ba ta izinin ɗauka ba tare da ido ba, in ba haka ba ka yi ta dannawa a banza. A gaba akwai zobba biyu, su ne ke rikita sabon shiga. Na farko mai ƙas-ƙas ne, da shi kake zaɓar iyakar da kake so, a ce f/5.6. Na biyu yana juyawa sumul, yana buɗe ƙofar gaba ɗaya don ka samu haske ka saita, sannan ka murɗa shi ya rufe ya tsaya daidai inda ka yi masa iyaka. Masu bidiyo suna son wannan zoben na biyu sosai, don ana iya rage haske a hankali ana cikin ɗauka ba tare da hoton ya yi tsalle ba.

In juyawar kake nema, buɗe shi a f/2. Tsayar da mutum kamar taku biyu ko uku daga gare ka, a tsakiyar hoto, bayansa kuma a samu dalbejiya ko mangwaro can nesa, rana tana ratsowa ta ganye, musamman da la'asar. In ka jingina mutumin da farin bango ba abin da za ka gani. Sannan girman sensa, wato farantin da ke ɗaukar hoto a cikin kyamara a madadin fim, yana da tasiri. Juyawar a gefe take, ƙaramar sensa kuwa gefen take yankewa, sai milimita 58 ya koma kamar 87, ya yi kyau da hoton fuska amma juyawar ta ragu. Kuma kada a yaudare ku, idan rana ta daki idon ta gaba, launi yakan wanke, hoto ya yi fari-fari. Wasu wannan suke so. Ni dai ba zan ba mai ɗaukar biki shawarar ya dogara da shi kaɗai ba, don kafin ka gama murɗa zobe amarya ta wuce.

Wajen saye, tocila ce abokiyar tafiya. Buɗe ƙofar, haska ta baya, ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce, ba ta fitowa a hoto. Abin gudu shi ne funfuna, wadda ke bayyana da siraran farare-fararen zare masu rassa daga gefen gilashi. In ta daɗe tana cin rufin gilashin, ko an goge tabon na nan. Duba ganyayen ƙarfen da ke buɗewa da rufewa, ko mai ya malalo musu. Murɗa zoben saiti daga farko zuwa ƙarshe, domin giris ɗin Sobiyet yakan daskare. Kuma tun da masana'antu daban-daban ne suka yi shi, ingancin bai zo ɗaya ba, wani ya fi wani kaifi nesa ba kusa ba. In samfurin 44M-4 ne ko na bayansa, akwai wani ɗan tsinke a gindinsa da dole sai an danne shi ƙofar za ta rufe, don haka nemi adafta mai leɓe a ciki.

Da adaftar nan guda ɗaya kuma ka samu shiga wata babbar kasuwa, domin Pentax ta Japan ma ta yi shekaru tana amfani da M42. In ka ci karo da Super-Takumar 50 f/1.4 gilashinsa ya yi rawaya, kada ka ɗauka ya lalace. Da yawansu an haɗa gilashin da sinadarin toriyom, mai fitar da ɗan tururin nukiliya kaɗan, shi ke rina shi da tsufa. Hasken rana ko fitilar UV na kwanaki yana rage rawayar. Kada dai a fasa gilashin ko a kankare shi.

Saura ajiya, kuma nan yanayinmu ya shigo. Da damina, jakar fata a cikin durowa mai duhu ita ce gidan funfuna. Samu roba mai murfi da ke rufewa gam, ka zuba 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, ka riƙa fito da shi yana shan haske. Da hunturu kuma ƙura ce matsalar. Kada ka goge gilashi da bakin riga, yashin da ke jiki zai karce shi. Fara hure ƙurar da 'yar robar hura iska, sannan ka bi da ƙyalle mai laushi, daga tsakiya zuwa gefe.