Kwalin maƙwabcina da talabijin ɗin da na ƙera a Damagaram

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka. Ku yi haƙuri da muryata, ƙarfe bakwai na safe ne a nan Girinsboro ta Amurka, ko shayi ban sha ba. Bari in juya muku kamara. Kun ga wancan? Yau ranar kwasar shara ce a unguwarmu. Maƙwabcina ya sayi sabon firji, ya fito da kwalin ya jingine a bakin titi. Lafiyayyen kwali, ya fi ni tsawo, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Tun jiya da la'asar yake nan. Yaran unguwa sun wuce shi a kan kekuna ya fi sau goma, ko ɗaya bai waiga ba. Ni kuwa, mai 'ya'ya biyu da furfura a gemu, daren jiya da ƙyar na yi barci saboda shi.

Don ku gane ciwon, sai na mai da ku Damagaram. Mu ba a Birni muka tashi ba, gindin fadar Sarki, ba kuma a Zango ba. Baba ya sami fili can gefen gari ta hanyar Mirya, lokacin unguwar gida ɗaya nan, kango biyu can, sai gonar gero. Danginmu na Birni in za su zo wurinmu sai su ce za su ƙauye, in muka je ƙauyen gaske kuma a ce ga 'yan birni sun iso. Abin da muke da shi a wadace rairayi ne, da manyan duwatsun nan namu da kamar wani ne ya ɗora su kan juna da hannu, da kara bayan kaka. Abin wasa na kanti sai dai mu gan shi a hannun ɗan wani ma'aikaci. Wanda yake son mota, ya ƙera abarsa.

To ni na ɗauki abin da zafi. Kayan aikina tsohuwar reza, ƙusa ɗaya da dutse. Gwangwanin kifi shi ne bodi, na madara tanki, murfin kwalba fitila. Wahalar tana wurin taya, don taya sai da silifa, silifa kuwa a Damagaram ba ta mutuwa. In ta tsinke a soka mata waya, in wayar ta fita a sa ƙusa, in ta rabe biyu a liƙe da wuta. Kafin a yar da ita ta riga ta zama kamar takarda, kuma yara goma na jiran gawar.

Wata rana ina haɗa babbar mota irin masu lodin Agadas, mai taya goma, shida gare ni. Baba ya dawo daga Kasuwar Dole da sabuwar silifa, shuɗiya, mai kauri, ya cire ta a ƙofar ɗaki ya kwanta ƙailula. Na zauna ina kallonta, tana kallona. Ni a lissafina ba sata ba ce, tunda ba ɗauke takalmin zan yi ba. Na kifa ƙaramin gwangwanin tumatir, na zagaye da reza, biyu a ƙafar dama, biyu a hagu, na mai da su na jera tsaf yadda ya aje. Aka kira la'asar. Baba ya yi alwala, ya zura ƙafa, diddigensa ya sauka a kan rairayi mai zafi. Bai yi ihu ba. Ya ɗaga takalmin daidai fuskarsa, ya leƙo ni ta cikin hudar, ya ce, "Injiniya, zo nan." Abin da ya biyo baya ba na kamara ba ne. Sunan dai ya bi ni, har yau Gwaggo in ta kira waya sai ta ce a ba ta Injiniya.

Amma fa ku yi mini adalci. Yaron da ya tashi a garin wasan kara, me kuke so ya zama? Muna gani da idonmu manya da gemunsu suna fitowa, wannan ya yi shigar shugaban ƙasa, wancan minista, ga sojoji da bindigogin kara, ga 'yan jarida da kamarar kara suna ɗaukar hoton da babu shi, jama'a na ta dariya har da hukuma. Ni ma na fere tabarau na kara, na je lakwal ina kwaikwayon tafiyar Mushe a gaban allo. 'Yan uwa na Najeriya, kar ku firgita, malamin makarantar boko muke ce wa Mushe, daga faransanci ne, da ransa. Ranar ma da ransa ya shigo ta bayana.

Babban aikina dai talabijin ne. A layinmu gida ɗaya ne mai talabijin, na wani Alhaji, a fito da shi tsakar gida da dare a kama Tele Sahel, mu yara mu zube a ƙasa. A nan muka kalli wasan ƙarshe na kofin duniya, 12 ga Yuli 1998, Faransa ta ci Burazil 3 da nema, Zidan ya sa biyu da ka. Na koma gida na ce ai wannan ba gagara ba ne. Na yi wa mai tebur na bakin hanya ɗiban ruwa kwana uku kafin ya ba ni kwalin sabulu. Na yanke gabansa murabba'i, na yanka 'yan wasa daga bangon tsofaffin littattafan Yaya (ya ce ba tsofaffi ba ne, har yau muna wannan gardama), na kafe kowane a tsinken kara. Allon kallo kuwa farin mayafin Inna. In na sa fitilar ƙwai a baya, inuwarsu ta fito, sai in riƙa motsa su ina sharhi da faransancin da ni kaɗai na san ma'anarsa.

Kuɗin shiga dala ɗaya, tamma biyar ke nan. Wanda ba shi da ita ya kawo gyaɗa ko aya, ko dabino biyu. Ƙanwata ce mai karɓa a bakin zana, kuma ba ta san sabo ba, har ɗan Kawu ta kora. Wata tara ina nuna wasa ɗaya. Da 'yan kallo suka fara gajiya sai na gano dabara: wanda ya ba da dala biyu shi ke zaɓar wanda zai ci. Jama'a, a gidanmu Burazil ta rama sau ya fi ashirin. Akwai daren da wani yaro ya kawo dala biyar, Mena ta Nijar ta ɗauki kofin, alhali ba ta ma je ba.

Sai ga bazarar 1999. Wanda ya san Damagaram ya san mene ne watan Afrilu a lokacin: zafi kamar a tanda, famfo ya yi kwanaki ko tari bai yi ba, mata na kwana a layi da bokitai, 'yan ga-ruwa sun zama sarakuna, sai ka roƙe su da kuɗinka. Ranar Inna ta samu an cika mata randa da ƙyar. Da dare ina tsakiyar wasa, Zidan ya tashi zai sa kai, na zuba ihun "gol", gwiwar hannuna ta ture fitila. Kananzir ya malale, mayafi ya kama, kwali ya kama, wuta ta lashi zana. 'Yan kallo suka watse, wani har yana cewa a mai do masa dalarsa. Ni da Yaya muka yi kan randa da ƙwarya, muka yi ta sheƙawa har wuta ta mutu, randa ma ta mutu.

Inna ta fito. Ta dubi zana, rabi ta tafi. Ta dubi abin da ya rage na mayafinta, bai kai tafin hannu ba. Duk ba ta ce komai ba. Sai ta taka ta leƙa randa, ta ji ƙwarya na kartar gindi. Ta juyo a hankali ta ce, "Duk rairayin da Allah ya zuba a garin nan bai ishe ku kashe wuta ba, sai da ruwana?" Wallahi ban sha duka don gobara ba, ban sha don mayafi ba. Na ruwa na sha, kuma sati guda ni ke bin layin famfo tun asuba. Baba da ya dawo aka ba shi labari, abin da ya tambaya kawai, "Wa ya ci?"

Shekaran jiya na ba babban ɗana wannan labari. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Baba, me ya sa ba ku kalla a waya ba?" Na rasa ta inda zan fara.

Tsaya, kun ji ƙara? Motar shara ce ta shigo layi, saura gida huɗu ta iso. Ku yi haƙuri, hoton zai ɗan girgiza. Kai, ashe da nauyi! Ga maƙwabcin can a taga yana kallona da kofi a hannu, bari in ɗaga masa hannu kamar abin da nake yi daidai ne. Gareji zan kai shi. Uwargida tana barci, kuma na san inda take aje farin mayafinta.